Gidan tsuntsu mai sheƙar yawu: na katako da kwano, ko sai na siminti?

Sadiku (Perak): Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka san gini da kuma 'yan uwanmu da ke Indonesiya. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Sitiawan ko Nibong Tebal a nan Malesiya ya ga dogayen gine-ginen nan marasa taga, sai 'yan huji a jikin bango, lasifika tana ta sakin kukan tsuntsu a samansu. Tsuntsaye ne a ciki, 'yar tsattsewar nan da mutanen nan ke kira walit, mai saƙa sheƙarta da yawun bakinta, Sinawa su saya da tsada. Wani abokin karatuna ɗan ƙasa yana da fili a gefen gonar kwakwar manjan mahaifinsa, yana so mu haɗa jari mu tayar da ƙarami, mita 4 a mita 8, hawa uku. Masu kwangila sun yi mana lissafin na siminti, ya fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba. Shi ne muke tunanin na katako da kwano. Mai arha yana kama tsuntsu kuwa, ko zubar da kuɗi za mu yi?

Ɗan Kurmi: Tsaya tukuna. Yawu? Yawun tsuntsu ake ba da kuɗi a saya a ci? Allah mai iko.

Hajiya Mai Kaya (Guangzhou): Ƙwarai kuwa, ɗan nan. A nan ƙasar Sin cikin akwatin alfarma ake jera shi, a kai wa surukai ko mai jego. A jiƙa shi, a turara da sukari, a sha da cokali. Ni na ɗanɗana, ba shi da wani ɗanɗano na a zo a gani, amma su a wajensu abin gyaran jiki ne tun kaka da kakanni.

Injiniya Bala: Wa'alaikumus salam Sadiku. Ka fara tambayar kanka me ginin zai yi. Tsuntsun nan asalinsa ɗan kogo ne, irin kogunan Gomantong a Sabah da Niah a Sarawak. Aikin ginin shi ne ya kwaikwayi kogo: duhu, zafi wajen digiri 26 zuwa 29 dare da rana, danshin iska kashi 80 zuwa 90 cikin 100. To kwano me ya sani? Da rana ya ɗauki zafi nan take, da dare ya sake shi nan take. Bangon bulo mai kauri, ko mai ruɓi biyu da iska a tsakani, shi ke riƙe yanayin ɗaki wuri ɗaya ba tare da ka wahala ba. Sannan ka zuba danshi kashi 85 a ɗakin katako shekara da shekaru, me kake tsammani? Fumfuna, gara, ruɓewa. Ga wayoyin amfilifaya da ke aiki ba dare ba rana a gidan da ba kowa, tartsatsi ɗaya ya isa. Ga ɓarawo, wanda almakashin kwano kawai yake buƙata. Arha ba ta ado, ƙanena. In ba ku da kuɗin na siminti, ku jira.

Baban Aisha (Kalimantan): Injiniya, ranka ya daɗe, abin da ka faɗa a takarda daidai ne, amma ka zo Sampit ko Palangkaraya ka gani da idonka. Bayan gidajen talakawa, ƙananan manoma da masu kanti, gidajen walet ne birjik (haka ake kiran walit a nan), kuma da yawansu ba su san siminti ba sai a gindin ginshiƙi. Indonesiya ce ke fitar da mafi yawan sheƙar da ake ci a duniya, kuma ba duka daga manyan benaye take fitowa ba.

Akwai ma dalilin ƙasa. Wurare da yawa a nan ƙasar ruɓaɓɓen itace ce da ruwa, ka taka ta lotsa. Ka ce za ka ɗora ginin siminti hawa uku a kanta, kuɗin turakun da za a kafa a ƙarƙashi kaɗai ya isa ya tayar da gidan katako sukutum. Shi ya sa suke kafa turakun itacen galam, ginshiƙi na itacen ulin mai tauri in mutum yana da hali, tun da yanzu ya yi tsada, ko ƙarfe mara nauyi, bango kuma allon siminti ko kwano.

Maganar zafi kuwa, sun san da ita. Daga ciki suna liƙa farin soson nan da ake naɗe sabon firij da shi a kwali. Daga waje su rataya baƙar ragar inuwa ta masu rainon shuka, tazarar taƙi ɗaya ko biyu daga bango, musamman ɓangaren yamma. A bar sarari tsakanin rufi da silin. Hujin iska kuma bututun roba ne mai gwiwa, bakinsa na kallon ƙasa, iska ta shiga haske bai shiga ba, a sa masa raga saboda ɓera da tsaka. A ƙasa a jera bahon ruwa. Maƙwabcina haka nasa yake, na shiga da tsakar rana, ma'aunin da ya rataya bai haura 30 ba.

Injiniya Bala: Soson da ka ambata shi ne ya fi komai saurin cin wuta. Kuma gidan kyankyaso ne da tururuwa. Shekara nawa irin wannan gini ke yi kafin a sake shi?

Baban Aisha (Kalimantan): Ba zai kai na siminti ba, ban yi musu ba. Amma ga inda muka saɓa da kai, Yallaɓai. Kai kana lissafin gidan da tsuntsu ya riga ya cika. Ni kuma ina lissafin gidan da ba a san ko zai zo ba. Wannan tsuntsu ba a sayensa a kasuwa, ba a ɗaure shi, ba a ba shi abinci. Da asuba ya fice ya yi ta kama ƙwari a sama, da magariba ya dawo inda ya ga dama. Tsofaffin da suka riga suka kama wuri ba sa tashi sai an dame su. Matasan da suka fara tashi su ake zawarci. A hanyar da nake bi kullum akwai bene hawa biyar na siminti, fenti fes, lasifika na kuka tun shekarun baya, ba kowa a ciki sai jemagu. Kusa da shi wata rumfar katako da za ka rantse iska za ta kayar, da magariba ƙofarta baƙi ƙirin da tsuntsu. Tun da abin gwaji ne, me zai sa ka binne dukiyarka gaba ɗaya a bango? Ka gina ƙarami, in ya kama, kuɗin sheƙa ya gina babba a gefensa.

Ɗan Kurmi: To ai wannan gidan tantabara ne kawai aka yi masa kwaskwarima. Ni ina da kango a hanyar Wudil. Tsattsewa kuma ga ta nan cike da ƙarƙashin gada. A turo mini sautin in sa a lasifikar masallacin unguwa mu gwada.

Dakta Zainab: Malam Ɗan Kurmi, ka rufa wa liman asiri. Tantabara kai ke sayo ta, ka ba ta dawa, ta saba da kai. Wannan ba haka ba. Kuma tsattsewarmu ba ita ba ce. Akwai mai ɗaukar laka ta yi gini, akwai ta ƙarƙashin gada mai haɗa gashi da ciyayi ta manne su da ɗan yawu, akwai ta giginya mai liƙa ƙwanta a jikin ganye. Babu wadda sheƙarta ke ciyuwa. Mai farar sheƙa ta zallan yawu a kudu maso gabashin Asiya take: Indonesiya, Malesiya, Tailan, Biyetnam da maƙwabtansu. Ko da an ɗauko ta, iskar hunturu kaɗai ta isa ta farfasa sheƙar ta zubo ƙasa. Kangonka ka zuba masa kaji.

Ɗan Kurmi: Dakta kin kashe mini kasuwa tun ba a buɗe ba.

Dakta Zainab: Sadiku, bari in ba ka lissafin tsuntsun da kansa, don shi ne agogon jarinka. Saƙa sheƙa ɗaya tana cin sama da wata guda. Ƙwai biyu take yi. Kwanci sama da mako uku, 'ya'yan kuma sai sun yi wajen kwana 40 zuwa 45 kafin su tashi. Ka ga a shekara zagaye uku ne in komai ya tafi daidai. Sheƙa ɗaya nauyinta bai wuce giram 6 zuwa 10 ba, wato sai ka tara kusan 120 kafin ka cika kilo. A ce Allah ya taimake ku, bayan shekara biyu kuna da sheƙa 60 a gidan. Sau uku, 180 ke nan, kilo ɗaya da rabi a shekara. Kuma mai hankali ba ya ma taɓa su a farkon nan, yana bari su hayayyafa. Yanzu ka ɗauki kuɗin ginin siminti ka raba da wannan, ka gaya mini shekara nawa. A nan ina bayan Baban Aisha.

Amma Injiniya yana da gaskiya a wuri ɗaya da ba a yin rowa: katakon silin. Allunan da ake jerawa a tsaye a ƙarƙashin silin, a nan tsuntsun ke maƙalewa, don ƙafarsa ba ta iya zama a reshe, sai dai ya rataya. In allon nan ya yi fumfuna ko yana wari, ya bar shi ke nan.

Baban Aisha (Kalimantan): Haka ne. Busasshen katakon meranti aka fi sa wa, mara ƙamshi, a yi masa 'yan tsaga-tsaga a jiki don farce ya samu abin kamawa. Kar a shafa masa fenti ko maganin gara mai wari. Wani abu kuma da sabon shiga ba ya lura: tsuntsun yana son lungu, inda allo biyu suka haɗu, amma sheƙar lungu mai kusurwa uku ce, dillali yana karya mata farashi. Mai siffar rabin kofi ita ce ta ɗaya, sai ta lungu, sai gutsattsari. Shi ya sa ake toshe lungunan da ɗan guntun katako a karkace. Wasu kuma suna barin lungun da farko don tsuntsu ya yi saurin kama wuri, daga baya su toshe.

Injiniya Bala: To mu raba gardama. Hawan ƙasa a yi shi da bulo, ƙofar ƙarfe, saboda ɓarawo da ruwan da za a ajiye. Na sama a yi mara nauyi. Wayar wuta duk a cikin bututu, amfilifaya da batir a wani ɗan ɗaki daban a waje, ba cikin soso ba. In ba a yi wannan ba, ni ba ruwana.

Baban Aisha (Kalimantan): Wannan na sa hannu. A Perak ƙasarsu ta fi tamu tauri, zai yiwu.

Sadiku (Perak): Na gode ƙwarai, ina rubutawa. Ƙofar shigar tsuntsun fa? Wani ya ce mana sai an yi ɗan hasumiya a sama.

Baban Aisha (Kalimantan): Ɗan ɗakin nan na saman rufi, a nan ana ce masa gidan biri. In akwai dogayen bishiyoyi ko gini kewaye da ku, yana da amfani, don tsuntsun yana son sararin da zai yi shawagi kafin ya faɗa. Kwakwar manja in ta tsufa tana da tsawo, ka duba wannan. Ƙofar ta fuskanci hanyar da suke bi in za su koma kwana. In ya shiga, ya tarar da ɗaki fanko mai ɗan haske inda zai kewaya, sai rami a daɓen ɗakin ya gangara hawa na ƙasa, sai ɗakin sheƙa mai duhu sosai. Duhu ba ya damunsa, yana ƙyasta wani sauti ƙas-ƙas yana jin amsa-kuwwa. Sauti iri biyu ake sa wa: na kira a bakin ƙofa, na kwantar da hankali a ciki, ƙananan lasifikoki a jikin allunan. Za ka ga sheƙar farko kusan kullum kusa da lasifika take fitowa.

Sai mujiya. Guda ɗaya in ta gane ƙofar, ta dinga zama da magariba, gidan ya watse. Ana sa fitila a bakin ƙofa da dare, ko ƙusoshi inda za ta sauka.

Malam Liman: Assalamu alaikum. Na jima ina karantawa. Kafin wani ya tambaya, majalisar malaman Indonesiya ta ba da fatawa a 2012 cewa sheƙar halal ce, da sharaɗin a wanke ta daga kashi da duk wata najasa, kiwon ma ya halatta. Abin da ya fi damuna biyu ne. Na ɗaya, girbi. Na ji ana cire sheƙa da ƙwai a ciki a zubar, saboda ta fi fari. Akwai hadisi a Abu Dawud na tsuntsuwar da sahabbai suka ɗauke wa 'ya'ya, Manzon Allah (SAW) ya ce a mayar mata da su. Na biyu, maƙwabci. Lasifika tun asuba har dare a kan wanda bai ci ko sisi a ciki ba, wannan haƙƙi ne.

Dakta Zainab: Allah ya gafarta Malam, a nan addini da lissafi sun haɗu. Girbi iri uku ne: a cire kafin ta yi ƙwai, a cire bayan ta yi a zubar da ƙwan, ko a jira 'ya'ya su tashi. Na ukun sheƙarsa ta fi datti da gashi, kuɗinta ya ɗan ragu, amma shi kaɗai ke ƙara yawan tsuntsun gida. Kogon Niah yawan girbi ba ƙaƙƙautawa yana cikin abin da ya rage masa tsuntsaye. A Gomantong hukumar namun daji ta Sabah sau biyu kawai take bari a hau a shekara.

Maman Khalifa (Penang): Malam ya taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Mun taɓa haya a bayan wani shago da aka mai da samansa gidan tsuntsu. Ba kukan tsuntsun ne matsalar ba, na lasifikar ne, sauti ɗaya yana ta maimaituwa har ka fara jinsa a cikin sallah. Shanya kuwa sai dai a cikin ɗaki. Bayan karyewar tattalin arzikin 1997 da 1998 shaguna da yawa sun zama kufai, masu su suka toshe tagogi suka kira tsuntsu, shi ya sa abin ya cika cikin gari. George Town, babban birnin Penang, ta shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2008, aka zo aka ba masu gidajen tsuntsu wa'adi zuwa ƙarshen 2013 su fice daga tsohon gari, don danshin yana cinye tsofaffin gine-gine. Gara ku da kuke gona. Duk da haka ku sa agogon da zai kashe lasifikar waje da dare.

Hajiya Mai Kaya (Guangzhou): Duk kun yi ta gini, ba wanda ya tambayi wa zai saya. A 2011 hukumomin nan suka gano sinadarin naitirait ya yi yawa a jar sheƙar da ake kira ta jini, aka rufe ƙofar shigo da sheƙa. Farashi a Malesiya ya faɗi fiye da rabi. Waɗanda suka ci bashin banki suka yi manyan benaye su suka fi kuka. Da aka sake buɗewa, da sharuɗɗa aka buɗe: gidan tsuntsu mai rajista, masana'antar wanki mai rajista, a iya bin sawun kowane kwali har gidan da ya fito, naitirait kar ya wuce 30 cikin miliyan. Biyetnam ma ta sa hannu da Sin a 2022, ta shigo layi, masu kaya sun ƙaru. Mai ƙaramin gida ba ya ganin kuɗin da nake gani a shagunan nan. Ɗanye yake sayar wa dillali, dillali ya kai inda mata ke zaune da matsefata suna tsince gashi ɗaya bayan ɗaya, a can ribar take kumbura. In gidanku ba shi da rajista da hukumar kula da lafiyar dabbobi da lasisin ƙaramar hukuma, dillali zai saya, amma a farashin da ya ga dama.

Dakta Zainab: Kuma naitirait ɗin daga kashin tsuntsun yake tasowa. Jar sheƙar ma ba jini ba ne, tururin kashi ne ke rina ta. Sabon gida ana barbaɗa masa ɗan kashi don ya yi warin wurin da aka saba, amma in tsuntsu ya kama sai a dinga kwashewa.

Baban Aisha (Kalimantan): A nan har haraji na musamman ƙananan hukumomi ke karɓa a kan sheƙa, doka ta ba su dama har kashi 10 cikin 100.

Hajiya Mai Kaya (Guangzhou): Saura magana ɗaya, Sadiku, kuma a matsayin uwa nake yi maka ita. Filin na mahaifin abokinka ne. Lasisi da sunansu zai fito. Kai da takardar karatu kake zaune, ba ta kasuwanci ba, kuma Dakta ta nuna maka kuɗi ba zai fara shigowa ba sai wataƙila ka gama ka koma gida. Ranar girbi kana Zariya, wa zai ƙirga maka sheƙa? Ban ce yaron ba shi da amana ba. Amma uban zai iya rasuwa, magada su ce ba su san zance ba.

Malam Liman: A rubuta, a sa shaidu, kamar yadda ayar bashi ta koyar. A fayyace ko jarin na ginin ne ko na sheƙar, da abin da zai faru in gidan bai kama ba.

Sadiku (Perak): Hajiya wallahi wannan ta shige ni fiye da maganar kwano. Zan nemi lauya ɗan ƙasa in ji ko ma doka ta ba ni damar shiga. In ba ta ba ni ba, sai dai in taya shi da shawarar da kuka bayar.

Injiniya Bala: Kafin lauya ma, kun tabbatar akwai tsuntsun a filin?

Sadiku (Perak): Muna ganinsu suna wucewa da yamma.

Baban Aisha (Kalimantan): Wucewa daban, saukowa daban. Ku ɗauki ƙaramar lasifika da batir, ku ɗaura a kan gora mai tsawo a daidai inda ginin zai tsaya, ku saki sautin kira da sassafe da kuma bayan la'asar. Ku zauna nesa kaɗan ku ƙirga nawa suka sauko suna kewaya goran, nawa suka wuce abinsu. Ku maimaita a ranaku daban-daban, ranar ruwa da ranar rana. Ku tabbatar kuma walit ne, don akwai ƙaramar 'yar uwarta mai farin gashi a ciki da ke haɗa sheƙa da ciyawa, ita ma tana zuwa. Sannan ku zaga da babur ku ga gidajen tsuntsu nawa ne a kewayen, ku tsaya bakin kowanne da magariba. In gida goma ne kuma biyu kaɗai ke da baƙi a ƙofa, ku nemi wani filin. Ka ɗauko mana bidiyon gwajin ka turo nan, ni da Dakta mu duba.